Ashar ɗin Turawa: ku fahimce shi, kada ya fito daga bakinku

Ƙannena da kuka sauka Ingila kwanan nan, maganar katin bas da rigar sanyi ba sai na ɓata muku lokaci ba, cikin mako guda za ku gane. Abin da ke damuna bakinku ne. Turancin makaranta bai koya mana ashar ba. A fim da waƙoƙi muka tsince shi, kuma ba wanda ya gaya mana nauyin kowace kalma.

Za ku ji Bature yana jefa kalmar nan mai farawa da F a wurin gini, a sito, a filin ƙwallo. Shayi ya zube masa, sai ya ɗura ta, ba da kowa yake ba. Amma ku lura da shi idan manaja ko mai saye ya shigo: nan take bakinsa zai koma tsaf. A ciki ya tashi, ya san inda ake faɗa da inda ba a faɗa. Hatta a talabijin sai ƙarfe 9 na dare ya wuce ake sakin manyan kalmomin. Ku kuwa ba ku san iyakar ba tukuna.

Ma'auninsu ma daban ne. A wurinmu zagin uwa shi ne ƙarshen zagi. A nan abin da ya fi muni shi ne taɓa launin fatar mutum, asalinsa, addininsa, naƙasarsa ko jinsinsa. Binciken da Ofcom, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ta fitar a 2021 ya nuna mutane sun fi ƙyamar kalaman wariya fiye da ashar tsagwaronsa. Kalmar nan mai farawa da N ta raina baƙar fata, da samarinmu ke kwaikwayo daga waƙa, "ai ni ma baƙi ne" ba zai cece ku a ofis ba. Haka gajeren sunan raini da ake kiran 'yan Pakistan da shi. Mutanen da a Birmingham muke sallah a masallatansu, muke sayen nama a shagunansu!

Inda abin yake da ciwo shi ne takardu. Da yawanku da bizar aiki kuka zo, kamfani ne ya tsaya muku, musamman masu kula da tsofaffi. Zagin wanda kake kulawa da shi babban laifi ne da ake iya korar mutum a kansa ba tare da gargaɗi ba. Idan aka kore ka, dole kamfanin ya sanar da ma'aikatar cikin gida, kuma yawanci kwana 60 ake ba ka ka samu wani mai tsaya maka ko ka bar ƙasar.

Akwai wani yaronmu, mai ladabi, ba ya wasa da sallah. Yana yi wa wani tsoho mai ciwon mantuwa wanka, tsohon ya yi ta zaginsa, har ya tofa masa yawu a riga. Yaron ya hasala ya ce masa mahaukaci, wawan tsoho, da Turancin da muka saba yi wa juna a gida ba komai. Ko kalmar F bai faɗa ba. Abokiyar aikinsa na tsaye da tawul a hannu, ta rubuta, domin aikinta ne ta rubuta. Aka dakatar da shi, aka zauna, aka sallame shi. Jama'armu, Allah ya saka musu da alheri, suka yi karo-karo suka riƙe masa haya, aka yi ta buga waya har Allah ya sa aka samu wani wurin. Amma na ga yadda ya rame a makonnin nan, ga iyali a Kano suna jiran abin da zai aiko. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji sabon zuwa yana cewa "ni ba na ɗaukar raini". Wa ya ce ka ɗauka? Ka tabbatar tsohon ba zai faɗi ba, ka kira na gaba da kai, ka rubuta abin da ya faru da lokacinsa a littafin aiki. Idan abokin aiki ne ya yi maka zagin wariya, dokar daidaito ta 2010 tana bayanka: rubuta rana, kalmomin da ya faɗa, da waɗanda suka ji, ka kai ƙara.

A titi ma, dokar zaman lafiyar jama'a ta 1986 ta ba 'yan sanda damar kama mai zagi ko barazanar da ke tayar wa mutane hankali. Abin da kuka rubuta a zauren WhatsApp na wurin aiki kuma, ku ɗauka manaja zai karanta.

Ku kula da hannu. Daƙuwarmu ta yatsu biyar ba ta nufin komai a wurinsu, amma ɗaga yatsu biyu, bayan hannu yana kallon mutum, daƙuwa ce a nan. Idan burodi biyu kuke so a shago, ku juya tafin hannun ya kalli mai shagon.