Kafin ka kafa injin iska a tsibiri

A tsibiri, duk ranar da teku ya hana jirgin dakon mai isowa, janareto yakan yi shiru, kifin da ke cikin firiza ya fara wari. Abin da ya tura ni ga wutar lantarkin da ake samu daga iska ke nan, kuma na sha wuya kafin na gane kanta.

Kada ka fara da sayen inji. Ka ɗaura na'urar auna iska a daidai tsayin da injin zai zauna, ka bar ta shekara guda. Na san da tsawo, amma ga dalili: idan gudun iska ya ninka sau biyu, wutar da za ka samu takan ninka sau takwas. Wurin da iska ke gudun mita 6 a daƙiƙa ya yi wa mai mita 4 fintinkau. Yawancin injuna ma ba sa fara ba da wuta sai iska ta kai mita 3 zuwa 4. Turken da za ka ɗora injin a kai kuma ya zarce duk gini da bishiyar da ke kusa da kamar mita 10.

Sai gishirin da ke cikin iskar teku. Injina na farko, da notuna na gama-gari na ɗaure shi. Kafin shekara ta zagayo tsatsa ta cinye su, na sa sifana, noti ɗaya ya gutsure a hannuna. Ka nemi ƙarfen da ba ya tsatsa, ka riƙa shafa giris, ka toshe duk inda waya ta haɗu da waya.

Abin da aka fi mantawa shi ne rarar wuta. Da batir ya cika cikin dare, iska kuwa na ta kaɗawa, injin da ba shi da lodi, wato babu abin da ke jan wutarsa, gudu zai yi ta yi har ya lalace. Ni hitar ruwa na haɗa wa nawa, rarar ta tafi can. A tsibirin El Hierro na ƙasar Sifen, tun 2014 injuna 5 masu jimillar megawat 11.5 suke tura ruwa saman dutse da rararsu, a sako shi ya juya injin wuta idan iska ta kwanta.

Su ma ba su jefar da injinan dizal ɗinsu ba. Naka janareton ma ka ajiye shi, ka riƙa tayar da shi lokaci-lokaci da lodi a kansa, don aiki da ƙaramin lodi yana tara masa baƙin mai a salansa.