Yadda Ake Tallafe Leɓen Kantar Dutse a Kicin

A sababbin gidajen bulo da ake ginawa a garuruwanmu, daga Gezawa da Wudil har Ringim da Birnin Kudu, ba abin mamaki ba ne yanzu ka shiga kicin ka tarar da kantar dutse. Wasu sukan so dutsen ya zarce ginin da ke ƙarƙashinsa ya yi leɓe, a jera dogayen kujeru, yara su sha koko a nan kafin su wuce makaranta. Abin gwanin sha'awa, amma a wannan leɓen aiki yake lalacewa. Giranit, wato dutsen da ake yin kantar da shi, yana jure danni ƙwarai muddin akwai gini a ƙasansa. Lanƙwasa ce ba ya so. Kamar ƙuli-ƙulin sanda yake, ba ya rusunawa ya ba ka sanarwa, sai dai ka ji ƙas. Mabul, wani dutsen kantar, ma ya fi shi rauni.

Fara da awo, tun ba a yi filasta ba

Tambayi mai sayarwa kaurin dutsen, ka kuma sa tef ka auna da kanka. Yawanci kauri biyu ne a kasuwa, santimita 2 da santimita 3. Ka lura da wanda aka manna wa ɓalli a baki don ya yi kama da mai kauri. Leƙa ƙasansa, ainihin kaurin yana can. Mai santimita 2 kada ya zarce gini da fiye da santimita 15 ba tallafi. Mai santimita 3 zai iya kai 25. Sannan duk yadda aka yi, kashi biyu cikin uku na faɗin dutsen su zauna a kan gini, kashi ɗaya kawai ya leƙo.

To ga inda gizo ke saƙar: gwiwar babban mutum tana bukatar wajen santimita 30 kafin ya zauna ba a takure ba. Ke nan kusan duk kantar da za a ci abinci a kai ta wuce iyaka, tallafi ya zama dole. Magini zai iya ce maka, "Alhaji, ai dutse ne, ba abin da zai same shi." Ka ce masa ya yi haƙuri a sa ƙarfen.

Nauyin ma abin dubawa ne. Murabba'in mita ɗaya na giranit mai santimita 3 yana kai kilo 80. Falle mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 90 ya doshi kilo 146, kusan buhun siminti uku. Idan wannan ya rinjayo, a kan cinyar wanda ke zaune zai sauka.

Duba abin da zai riƙe ƙarfen

Mutane sun fi damuwa da kaurin ƙarfe, alhali a gidajenmu bangon ne ya fi ba da kunya. Bulonmu mai rami ne, kuma sau da yawa an yi masa rowar siminti wajen bugawa, ka sa farce ka ga yashi na zuba. Noti da aka ɗaura a fatar irin wannan bulo ba zai daɗe ba zai fara girgiɗi, wata rana ya fito da ɓaraguzan bangon gaba ɗaya.

Maganinsa shi ne a cika ramukan bulon da kankare a duk inda ƙarfe zai zauna, daga ƙasa har sama, a tsaya rodi mai milimita 12 a ciki. Idan gajeren bango ne mai zaman kansa a tsakiyar kicin, yi shi da bulo inci 9, kada ka yarda da inci 6, kuma rodin ya kama kankaren daɓe. A saman bangon a zuba ɗamarar kankare. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla mako guda. Da rani ko lokacin hunturu, da iska ke shanye komai, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Kankare ba ya cika ƙarfinsa sai ya yi kwana 28, don haka kada zumuɗin tarewa ya sa a ɗora dutse washegari.

Idan bangon na laka ne da aka yi wa shafen siminti, manta da zancen maƙala ƙarfe a jikinsa. Haka ma kabad ɗin katakon nan na garin katako da gam, wanda danshi ke kumburawa gara kuma ta ƙarasa. Waɗannan ƙafa suke so har ƙasa.

Zaɓi irin tallafin

Mafi sauƙi a ƙauye shi ne ƙarfe mai kusurwa da ɗan tokari a tsakiya, wanda duk mai walda a bakin kasuwa zai haɗa maka. Kaurinsa kada ya gaza milimita 5 ko 6. Hannunsa na sama ya tsaya saura kamar santimita 8 zuwa 10 ya kai bakin dutsen, na ƙasa kuma kada ya fi na sama gajarta. Aibinsa ɗaya, yana cin gwiwa.

Ni na fi son na ɓoye: shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai kaurin milimita 10 zuwa 12, faɗin santimita 6 ko 7. Akan kwantar da shi a kan ginin, ya ratsa daga baya ya leƙo ƙarƙashin leɓen. Sirrin yana gindinsa. Idan aka danna bakin leɓe, gindin ƙarfen sama yake son tashi, saboda haka a walda masa guntun rodi mai ƙugiya a binne cikin ɗamarar kankaren tun tana ɗanya. Saman ƙarfen ya yi daidai da saman ginin, ko ɗigo kada ya fi shi tudu. Irin wannan kauri ba kullum ake samu a ƙaramin gari ba, wataƙila sai an shiga Kano, Kasuwar Ƙofar Ruwa.

Leɓen da ya wuce santimita 45 kuwa, ko bangon da ba ka yarda da shi ba, sa masa firam na bututun ƙarfe mai ƙafafu, ko a ɗaga ginshiƙin bulo a kowane gefe.

Tazara tsakanin ƙarfe da ƙarfe santimita 45 zuwa 60, na farko da na ƙarshe kuma kada su yi nisa da gefe fiye da 15. Kanta mai mita 2 za ta ci huɗu. Inda falle biyu suka haɗu, lallai a sami ƙarfe a ƙarƙashin mahaɗar. Idan ka tsara su faɗa tsakanin kujeru, gwiwa ta huta. Mutum ɗaya yana cin wajen santimita 60 na tsawon kanta. Mai walda ya goge duk wani kaifi, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa kafin a kafa.

Gwaji, sannan ɗora dutse

Ɗora miƙaƙƙen katako a kan ƙarafan duka, ka sa ma'aunin magina mai ruwa a ciki. Wanda ya yi ƙasa bai riƙe komai ba, wanda ya yi sama shi kaɗai zai ɗauki kaya, kuma a kansa dutsen zai tsage. Bayan haka rataya buhun siminti a bakin kowanne. Wanda ya motsa a gyara shi yanzu.

Wajen ɗauko dutsen, a tsaye a kan gefensa ake ɗora shi a mota, a jingine da katako, a ɗaure tam. Wanda aka kwantar a bayan akori-kura ya bi hanyar burji mai gargada, da wuya ya iso lafiya. Shiga da shi gida ma a tsaye, da majiya ƙarfi huɗu.

Ɗiga gam ɗin silikon a kan ƙarafan da saman ginin, a sauke dutsen a hankali. Sai ka durƙusa da tocila ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka gwada zura takarda tsakanin ƙarfe da dutse. Inda ta shige, cusa siririn fallen ƙarfe har ya cije, ba katako ba, don katako yana motsawa da damina. Kada a huda dutsen don ɗaura noti. A bar shi kwana guda ba a taɓa ba. Ƙusurwoyin leɓen a sa mai yanka ya zagaye su, domin daidai goshin ɗan shekara huɗu suke.

Uwargida, ke ce mai wurin: jajjage da daka su tsaya a ƙasa, turmi ko ƙarami ne kada ya hau kanta, jarkar ruwa da buhun shinkafa su zauna can ciki inda gini yake, yaro kuma kada ya taka leɓen don ɗauko abu a sama. Bayan damina ta farko a sake durƙusawa da tocila da takarda, domin sabon gini yakan ɗan zauna.