Yadda Za a Kiyaye Rai a Bakin Tekun Legas da Accra

A lokacin bukukuwan Sallah, bakin teku irin su Elegushi a Legas, ko Labadi a Accra, kan cika maƙil da iyalai, cikinsu har da 'yan Arewa da suka je fatauci ko ziyara. Da yawa sun koyi iyo a kogi ko dam, kuma wannan gwanintar ce kan yaudare su, domin Tekun Atlantika ba ya gudana gefe guda kamar kogi.

Kafin a taɓa ruwa, a hau tudu a ƙare wa gaɓar kallo na 'yan mintuna. Igiyar ruwa tana turo ruwa mai yawa kan rairayi, kuma wannan ruwan dole ya koma, sai ya haƙa wa kansa siririyar hanya ya zura cikin teku da gudun da kan kai mita 2 a daƙiƙa guda, wanda ko gwanin ninkaya ba zai iya ja da shi ba. Abin takaici, wurin nan ne ya fi kama da wurin aminci: igiya ba ta fashewa a cikinsa, ruwansa ya fi duhu ko ya gurɓace da yashi, kuma idan aka lura za a ga kumfa ko leda suna nisa da gaɓa maimakon su taho. Uwa mai neman inda ruwa ya kwanta domin 'ya'yanta, sau da yawa wurin nan ne take nuna musu. A tambayi masunta ko masu aikin ceto na wurin, kuma jar tuta na nufin kada kowa ya shiga.

Idan ruwan ya ja mutum, kada ya yi ƙoƙarin komawa gaɓa kai tsaye, domin gajiya da firgita ke kashewa. Ruwan nan nisa yake kai mutum, ba ya danna shi ƙasa. Ya kwanta rigingine ya daidaita numfashinsa, sannan ya yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, tunda faɗin hanyar yawanci bai wuce mita 25 ba. Da ya fita daga cikinta, sai ya bar igiya ta taimaka masa zuwa tudu. Wanda ƙarfinsa ya ƙare ya ci gaba da shawagi, ya ɗaga hannu ɗaya ya yi ihu.

Tufafi ma abin lura ne. Doguwar riga, zane da babban hijabi suna yin nauyi idan sun jiƙe kuma suna naɗe ƙafafu, saboda haka mai irin wannan shiga ya tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, kuma kada ya juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Yaro kuwa ya kasance inda hannun babba zai iya cafko shi. Masu zuwa bakin tekun Tarkwa Bay da ke Legas ta jirgin ruwa su ɗaura rigar kariya tun kafin a tayar da inji.

Wanda ya ga wani yana nitsewa kada ya faɗa ruwa don tausayi, domin mai nitsewa kan riƙe mai cetonsa su tafi tare. A jefa masa jarka marar komai da murfinta a rufe, ko igiyar ɗauri, a kira 112, lambar gaggawa a Najeriya da Ghana. Idan an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana matsa cikinsa wai don ruwa ya fito. A kwantar da shi, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 ana hurawa sau 2. Ko da ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsalar numfashi bayan 'yan sa'o'i.