Kada Ka Bar Rajistar Manhajarka Ta Mutu Tare da Kwantena

Wata rana da asuba shafin da nake kula da shi ya tsaya cak. Na shiga sabar, na buga df -h, umarnin da ke nuna wurin da ya rage a faifai, sai na ga faifai ya cika maƙil. Fayil guda ne a ƙarƙashin /var/lib/docker/containers, mai ƙarewa da -json.log, ya cinye wurin kaf. Ashe idan ba ka gaya wa Docker komai ba (shi ne ke tafiyar da manhajoji a cikin kwantena, wato keɓaɓɓen wurin da kowace manhaja ke aiki), json-file yake amfani da shi wajen adana rajista, wato saƙonnin da manhaja ke rubutawa kan abin da ke faruwa, waɗanda masu harkar ke kira log, kuma shi ba ya yanke ta ko goge tsohuwa. Tarawa kawai yake yi.

Don haka fara da toshe wannan ɓarakar. Buɗe /etc/docker/daemon.json, a cikin log-opts ka sa max-size ya zama "10m", max-file kuma "3", sannan ka sake tayar da Docker. Amma ka lura, sababbin kwantenoni kaɗai wannan gyaran ke shafa. Tsofaffin sai ka rushe su ka sake ginawa. Ni ma sai da faifan ya kusa sake cika kafin na gane haka.

Abin da na fi dagewa a kai shi ne kada manhajarka ta rubuta rajista a fayil cikin kwantena. Kwantena ba gidan zama ba ne, yau yana nan, gobe an goge shi an kawo sabo, duk abin da ke ciki ya tafi. Ka bar ta ta zuba komai a stdout, kurakurai a stderr, wato hanyoyi biyu da manhaja ke fitar da saƙo, inda Docker ke kwashe su. Dubi hoton Nginx na hukuma, wato image ɗin da ake gina kwantenan wannan sabar yanar gizo da shi: access.log ɗinsa a ɗaure yake da /dev/stdout, error.log kuma da /dev/stderr. Idan da Python kake aiki, sa PYTHONUNBUFFERED=1, in ba haka ba saƙo zai maƙale a hanya, manhaja ta faɗi, ka buga docker logs ka tarar shiru.

Kowane saƙo ya kasance layi ɗaya a tsarin JSON, da lokaci a agogon UTC, da matakin tsananinsa. Dalilin layi ɗayan kuwa, dogon saƙon kuskure mai layi talatin yakan watse ya zama saƙo talatin, ya cuɗe da na sauran maziyarta, ka rasa kai da gindinsa. Ka kuma ba kowace buƙata lamba tata, kamar X-Request-ID, ta bi ta daga Nginx har cikin manhaja. Ranar da wani ya ce biyansa bai shiga ba, da lambar nan kaɗai za ka bi sawunsa.

Daga nan sai kwashewa. Fluent Bit, wata manhajar kwashe rajista, zai iya tattara rajistar ya kai ma'ajiya irin su Loki ko Elasticsearch, can wata sabar daban. A Kubernetes, tsarin da ke kula da kwantenoni masu yawa, kubectl logs --previous na nuna abin da kwantenan da ya faɗi ya bari, amma da zarar an goge pod ɗin, wato rukunin da kwantenan yake ciki, shi ke nan.

Kalmar sirri, makullin shiga da lambar katin banki kuwa, kada ko ɗaya ya taka cikin rajista. Mutane da yawa ke karanta ta, kuma ta kan daɗe a ajiye. Kafin ka saki manhaja, shiga da asusun gwaji, sannan ka bincika rajistar da grep, umarnin neman kalma a rubutu, ka ga ko kalmar sirrin ta bayyana.