Kurakuran da Ke Kashe Daji Tun Bai Kai Ko'ina Ba

Kowace damina a ƙasar Zazzau ana ɗibar dashe, a haƙa ramuka, a ɗauki hotuna. Ka koma wurin a watan Maris, sai toka da 'yan sandunan da awaki suka gwigwiye. Baɗi a sake dasawa, a sake yin kuskuren bara. Dashe aikin sati ɗaya ne; rainon daji kuwa aikin rani ne, kuma a nan ake faɗuwa.

Babban abin da ke cinye wahalar mutane shi ne gobara. Ruwanmu yana sauka daga Mayu zuwa Oktoba, kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma wannan ya isa gamba da kyasuwa su wuce tsayin mutum. Da hunturu ya shigo sai su bushe ƙayau. Mafarauci ɗaya mai neman gafiya ya isa ya tashi aikin shekara uku cikin awa guda. Amma sai ka ji mai daji yana cewa zai share hanyar wuta "idan an gama girbi". Malam, kafin ka gama sussukar masararka wuta ta riga ka! A ƙarshen Oktoba ake shara, ciyawa na da sauran ɗanye. Ni mita 6 nake bari kewaye da dajin, a kankare har ƙasa ta fito, kuma ina ƙara faɗi ta arewa maso gabas, don daga can iskar hunturu ke kaɗowa. In filin ya wuce hekta 5, a ratsa shi da wata hanyar ta tsakiya. Ciyawar da aka share kada a jibge ta a bakin hanyar, wannan gada ce aka gina wa wuta.

Akwai kuma masu ganin hana wuta gaba ɗaya shi ne gwaninta. Ga ƙananan dashe da ba su kai shekara uku ba, haka ne: a nome gindinsu, kada wuta ta kusance su. Amma a tsohon daji na doka da marke, in ka bar ciyawa ta taru shekara biyu ko uku ba yanka ba kiwo, ranar da ta kama a Fabrairu har manya sai ta babbake. Gara a ƙyale mutanen gari su yanki gamba don zana da jinka, sauran a ƙone da wuri, cikin Nuwamba, da yamma lis bayan iska ta kwanta, a kunna ta yadda za ta tafi tana fuskantar iska. Irin wannan wutar rarrafe take yi, ba ta hawa sama.

Na biyu, kuma wannan ya fi ba ni haushi: a shigo da katafila ko gatari a tumɓuke duk kututturen da ke fili, wai ana gyara wuri don dasa itacen turare (eucalyptus). Kututturen doka, kalgo, maje ko kirya yana da saiwar da ta shekara da shekaru tana neman ruwa a ƙasa. Tohonsa yana tsallake ranin da dashen leda ba zai iya ba, kuma ko kwabo ba ka biya. Doka ma daga saiwa take tsiro. Manoman Maraɗi a Nijar sun kama wannan dabara tun shekarun 1980: a zaɓi toho biyu ko uku mafi miƙewa a kowane kututture, a sare sauran, a datse rassan ƙasa zuwa rabin tsayi. Mu kuwa a Samaru muke da tashar binciken dazuzzukan sabana da Cibiyar Binciken Aikin Gona, amma har yau wasu na ɗaukar ɗan itacen gida a matsayin ciyawa. Turare ba laifi ba ne, yana ba da azara da turaku da wuri. Laifin shi ne a cika hekta goma da shi kaɗai. Gara tana matuƙar son ƙananansa, kuma in cuta ɗaya ta shigo, babu mai tare ta. A cakuɗa da maɗaci, ɗorawa, tsamiya da dalbejiya. Kada kuma a jera shi a bakin rijiya ko fadamar kogin Galma inda ake noman rani, yana da shan ruwa.

Sai sara. Mai itacen girki ya fi son ya sare daidai ƙugunsa don kada ya sunkuya. Dogon kututture ruɓewa yake, tohon da ya fito a samansa kuma iska ce ke ɓalle shi. A sare santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, a karkace don ruwa ya zirare, da gatari mai kaifi wanda ba zai ɗaye ɓawo ba. Ni ƙarshen rani nake so, dab da saukar ruwa. Bayan shekara a dawo a rage tohon.

Ragi ma ana juya shi baibai. Tazarar mita 3 da mita 3 tana ba ka itace 1,111 a hekta, kuma ba dukansu za su tsufa tare ba. Da zarar kawunansu sun haɗe, rassan ƙasa sun fara bushewa, lokacin ragi ya yi. Gurgu, mai rassa biyu da mai ciwo ake cirewa. Abin da ake yi a nan shi ne a sayar da miƙaƙƙun, a bar karkatattu su zubar da iri, sannan a dawo ana mamakin yadda dajin ya lalace. Iyaye masu kyau ba a taɓa su, musamman kaɗanya, wadda kan ɗauki shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya.

Sauran ƙanana ne, amma suna kisa. A cire leda kafin a binne. A dasa a Yuni ko farkon Yuli, ba ƙarshen Agusta ba. Inda akwai marmara a fasa ta, in ba haka ba saiwa nannaɗewa take yi kamar a tukunya. Ɗanyen taki da busassun karare a rami kiran gara ne. Ni toka nake barbaɗawa. Masu sassaƙar maɗaci don magani su ɗebi gefe ɗaya, in aka zagaye ɓawon itacen ya mutu. Kauci a kan ɗorawa a sare reshen da ya kama. Shingen ƙaya kuma a gama shi kafin a saki dabbobi bayan girbi, a riƙa duba shi duk sati har ruwa ya sauka.