Darasi na Bakwai: In Jiki Ya Ƙi Kafso

A wani ƙauye bayan Argungu, wata mata ta goyo ɗanta zuwa ɗakin shan magani. Leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi rudu-rudu da borin jini, sai susa yake yi. Ma'aikacin lafiya ya ce, "Inna, me aka ba shi?" Ta kwance bakin zanenta, ga kafso biyu da suka rage, ba kwali ba takarda. Ta ce, "Malam, bara da ya sha Amoxil haka ya yi. Shi ya sa bana na ce mai kemis ya canza mini." Ashe Ampiclox aka ba ta.

Suna kawai aka canza. Amoxil da Ampiclox da Augmentin 'yan ɗaki ɗaya ne, kakansu shi ne penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928. Jikin da ya ƙi ɗaya, zai ƙi sauran, har da allurarsu. Ba na ganin laifin matar nan. Ta lura, ta kuma yi magana. Abin da ya rage mata shi ne sanin dangin maganin, kuma shi ne karatunmu na yau.

Jiki yana nuna ƙi ta hanyar ƙaiƙayi, borin jini, ko kumburin fuska da leɓe da harshe. In aka ga haka, a dakatar da maganin a nemi ma'aikacin lafiya. In kuwa numfashi ya fara sarƙewa, ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa ba da manja ko madara. A hau babur sai asibiti, domin akwai allurar gaggawa da ake yi. Ɗan tashin zuciya ko sakin ciki daban ne, sau da yawa ba ƙi ba ne, amma shi ma a faɗa.

To me likita zai bayar a madadin penisilin? Ya danganta da ciwon da kuma mai ciwon. Ga ciwon maƙogwaro ko na ƙirji, yakan koma wani gida dabam, gidan eritiromaisin da azitiromaisin. Ga babba yakan rubuta doksisaikilin, amma ana kauce masa ga mai juna biyu da yaron da bai kai shekara 8 ba. Shi da ɗan'uwansa tetirasaikilin suna iya ɓata launin haƙoran yaro, tabon kuma ba ya fita da asuwaki. Ina roƙon iyaye mata su daina farke kafso suna zuba wa jariri a koko don wai haƙori yana sa shi zawo.

Septrin ma ana ba da shi, sai dai yana da nasa dangin, wato salfa. Fansidar da ake ba mata wajen awo yana cikinsu. Wadda ta taɓa shan Septrin bakinta ya yi gyambo ko fatarta ta saɓule, lallai ta gaya wa malamar awo tun ranar farko. Sifiro kuma, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba ya shiri da nono. Mu nan fura da nono abincin kullum ne, to a raba su da kamar awa 2, haka ma maganin olsa da na ƙarin jini, don suna hana shi shiga jiki sosai.

Wani lokaci jiki bai ƙi maganin ba, ƙwayar cutar ce ta saba da shi har ba ta jinsa. Wannan na faruwa in ana sayen kafso biyu-uku ana sha a duk ƙaramin ciwo. A manyan asibitocin Birnin Kebbi ana ɗaukar fitsari ko mugunya a kai ɗakin gwaji, bayan kwana 2 ko 3 a gane maganin da zai kashe ta. Mura kuwa, ba kafson da ke warkar da ita.

Yanzu kowa ya ɗauko fensir da 'yar takarda mai kauri, ko bayan kwalin shayi ne. A sama ka rubuta sunanka da na garinku. A ƙasa ka rubuta: "Jikina ba ya karɓar wannan magani." Ka bar layi ɗaya fili. Ran da ka je asibiti, ka roƙi ma'aikacin lafiya ya cike layin da sunan maganin yadda yake a jikin kwali, tare da sunan danginsa. Ka naɗe takardar a leda tare da katin asibiti. Wadda ke da yaro mai irin wannan matsala ta rubuta masa tasa daban, ta kawo mu duba rubutun a aji mai zuwa.