Wa ya ƙara kuɗin? Yadda ake bin diddigin maganar kamfanoni

Kamfani ba ya magana da kai. Saƙon da ya shigo salularku da safe, da takardar da aka liƙa a ƙofar banki, da tallar da ake sakowa kafin labaran rediyo, duk sai da wani ya zauna ya zaɓi kalmominsu, wani ya duba, wani ya sa hannu. Sana'ata ke nan a Yamai: a kawo mani sanarwa da Faransanci, in mayar da ita Hausa, a karanta a rediyo. Abin da aka ƙulla da hankali ana iya kwance shi da hankali, kuma ba sai wanda ya yi karatun harshe a Jami'ar Abdou Moumouni ba. Kaye ɗaya da bik biyu, ja da baƙi, sun isa.

Ku fara da tarawa, don saƙo ɗaya ba ya nuna halin mai shi. Ku zaɓi kamfani guda, na sadarwa ne, ko na wuta, ko na ruwa, ko na aika kuɗi, ko na motocin tafiye-tafiye, ku tsaya a kansa. Ku tara saƙonninsa talatin ko arba'in: waɗanda ke shigowa waya, da na shafinsa na Facebook, da sanarwar da yake bugawa a jaridar Le Sahel. Ta rediyo kuwa ku ɗauki muryar da salula, ku rubuta ta kalma da kalma ba tare da gyara ba. Kowanne ku sa masa kwanan wata. Ya kamata tarin ya ratsa bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da wuta da ruwa suka fi ba mutane wahala, ya kuma ratsa azumi da sallah, lokacin da garaɓasa ke yawa. Wanda ke son ya kwatanta da tsofaffin sanarwa ya tuna sunaye sun sauya: Celtel ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010, Orange kuma aka sayar da ita a 2019 ta zama Zamani.

Idan sun taru, ku raba su kashi biyu. Na albishir gefe ɗaya: sabon forfe, ragin kuɗi, barka da sallah. Masu nauyi ɗaya gefen: ƙarin kuɗi, katsewar rezo, ɗauke wuta, jinkirin mota.

Yanzu aka zo ga ainihin aikin, kuma nan nake so ku daɗe. Ku ɗauki jan bik ku kewaye duk inda aka ce mun, muna, za mu, ko aka liƙa -mu a ƙarshen kalma. Ku ɗauki baƙi ku ja layi a ƙarƙashin an, ana, aka, za a. Sannan ku ƙirga kowane kashi daban. Abin da na saba gani shi ne kashin albishir ya yi jawur: mun kawo muku, muna tare da ku, za mu ninka muku. Kashin masu nauyi kuma ya yi baƙi ƙirin: an samu tangarɗa, ana aiki a kai, za a dawo da ita. Kamfani ɗaya ne, mai rubutu ɗaya ne, amma ranar daɗi yana da suna, ranar wuya ba shi da shi.

Ɓoye mai aiki hawa-hawa ne a Hausa, kuma yana da kyau ku san matakan. Ku dubi jimlolin nan huɗu, duk labari ɗaya suke bayarwa. Mun ƙara kuɗin kira. An ƙara kuɗin kira. Kuɗin kira ya ƙaru. Za a samu sauyi a farashi. A ta farko mai ƙarin yana tsaye gabanku. A ta biyu an san akwai hannun mutum, ba a dai faɗi ko na wane ne ba. A ta uku hannun ma ya ɓace, kuɗin ne ya tashi da kansa. Masana nahawu tun daga Parsons a 1960 sun kasa aikatau na Hausa, wato kalmomin aiki, aji bakwai, na bakwai shi ne mai ƙarewa da u: ƙara ya koma ƙaru, rage ya koma ragu, gyara ya koma gyaru. Aikin wannan aji shi ne ya nuna abin da ya sami abu ba tare da ambaton wanda ya yi ba, shi ya sa masu rubuta sanarwa suke son sa. Ta huɗu ta fi duka nisa, don aikatau ɗin ma an mayar da shi suna. Babu ƙarawa, akwai sauyi kawai, kuma sauyi yana iya zama sama ko ƙasa. Duk inda kuka ga katsewa, jinkiri, sauyi, daidaitawa, tangarɗa a matsayin suna, ku tsaya ku mayar da shi aiki, ku tambayi kanku wa ya katse, wa ya jinkirta.

Kada dai ku yi wa "an" rashin adalci. Harshenmu ne, da shi muke ladabi da kunya. An zo lafiya, an haihu, an yi rasuwa, babu mai ɓoye komai a nan. Wani lokaci kuma gaskiya ce mai aikin ba a gidan yake ba. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take turo mana, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, ke rabawa a lokacin. Wanda ya rubuta "an yanke wuta" a wannan watan bai yi wa kowa wayo ba. Saboda haka jimla ɗaya ba hujja ba ce. Hujja ita ce ɗabi'a: idan ƙirgarku ta nuna "mun" kullum yana tare da daɗi, "an" kullum yana tare da wuya, to ba haɗari ba ne.

Ga wata sanarwa mu gwada a kanta. Ba ta wani kamfani ba ce, na haɗa ta ne daga guntayen da ke yawan ratsa hannuna:

"Ana sanar da abokan hulɗarmu masu daraja cewa, domin inganta ayyukanmu, za a samu ɗan sauyi a wasu farashi nan ba da jimawa ba. Muna godiya da fahimtarku."

Jan bik zai sami wuri uku: hulɗarmu, ayyukanmu, muna godiya. Wato kamfani ya fito a wajen zumunci, da wajen ingantawa, da wajen godiya. A wajen kuɗi kuwa "za a samu" ne. Dalilin an sa shi gaba, kafin labarin, don kunne ya yi taushi tukuna. "Ɗan" ya rage girman abin ba tare da ya faɗi adadi ba. "Wasu" bai ce waɗanne ba. "Nan ba da jimawa ba" ba rana ba ce. Godiyar ƙarshe ita ta fi damuna, don an gode muku a kan yardar da ba a nema ba, ba ku kuma bayar ba. Kalmomi kusan talatin, amma babu nawa, babu yaushe, babu wanne.

Ban haƙuri ma yana da nasa matakai. "Ku yi haƙuri" aiki ne aka ɗora muku. "Muna ba ku haƙuri" ya fi taushi, amma ku lura wanda aka yi wa rasuwa ma haƙuri ake ba shi, kuma mai bayarwa ba shi ya jawo ba. "Muna neman afuwa" ya matso kusa da amsa laifi. "Mun yi kuskure" shi ne cikakke, kuma da wuya in gan shi. Ku buɗe shafi guda a kaye ku riƙa jera irin wanda kamfaninku ke amfani da shi, ku kuma duba abin da ya biyo baya: an ce za a mayar da kiredin da ya salwanta, ko a haƙurin aka tsaya?

A kashin albishir ƙananan kalmomi ne abin tsaro: har, daga, kusan. "Garaɓasa har kashi 200" na nufin 200 shi ne rufi, mafi yawan mutane ƙasa da haka za su samu. "Daga dala ashirin" na nufin nan ne ƙasa, abin da kuke so yana sama. Sai kalmar kyauta. A wurinmu kyauta abu ne da aka ba ka, ya zama naka, babu sharaɗi. Mai tumatir a kasuwar Katako in ta yi maka gyara ba ta cewa sai ka ci kafin sha biyun dare, ko sai a tukunya kaza za ka dafa. Don haka duk inda kuka ga kyauta ku rubuta tambayoyi uku a gefenta: sai na sayi me, zuwa yaushe take aiki, kuma a ina take aiki, rezo ɗaya ko duka, dare ko rana. Amsar galibi tana ƙasan takarda da ƙananan haruffa, ko a ƙarshen talla inda mai karatu ke sauri.

Lissafin kuɗi kuwa matsalarmu ce ta nan, wadda mai rubutu da Faransanci ba ya ma ganin ta. Mu da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5. Sefa 100 dala ashirin ce, sefa 500 dala ɗari, sefa 1000 jika ɗaya. Wata rana ina zaune a gidan innata a Boukoki, tana tsince shinkafa a faifai, rediyo na gefenta, aka sako tallar wani forfe ana ta nanata "ɗari biyar kacal". Ta tsayar da hannu ta dube ni.

"Ɗiyata, ɗari biyar ɗin nan ta kasuwa ce ko ta boko?"

Na ce, "Ta boko ce, Inna. Dala ɗari ke nan."

Ta ce, "To su ce dala ɗari mana. Ni na ɗauka jika biyu da rabi ne."

A nan kamfanin ne kuskuren ya cutar, don ta ji abin ya ninka sau biyar. Amma yana iya juyawa ta ɗaya gefen: a ce "ɗari" ana nufin dala, ɗan lakkwal ya ji sefa 100, ya je ya tarar 500 ne. Duk adadin da kuka ji a tallar Hausa, ku nemi yadda aka rubuta shi da lambobi, ku rubuta su biyu kusa da juna.

Yadda ake kiranku ba zai ɗauke ku lokaci ba. Ku duba ko "ku" ake cewa ko "ka". Tallar matasa ta fi son "kai", sanarwar ƙarin kuɗi ta fi son "abokan hulɗa masu daraja". Ku ƙirga kuma sau nawa aka ce "ki". Ni dai idan an bar mani zaɓi "ku" nake sa wa, don ya ɗauki mace da namiji, ya kuma girmama babba.

Insha Allah kuwa kalma ce mai girma, ban yarda a yi wasa da ita ba. Idan ta zo bayan rana da sa'a, kamar a ce ruwa zai dawo Talata da la'asar insha Allah, wannan maganar musulmi ce. Idan ta zo a madadin rana da sa'a, ku ja mata layi.

Wanda ya iya Faransanci ya ajiye kwafin biyu gefe da gefe. Tun Maris na 2025 kundin Charte de la Refondation, wanda ke matsayin tsarin mulkin Nijar, ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci kuma cikin harsunan aiki, amma sanarwar da ke zuwa hannuna har yanzu da Faransanci ake fara rubuta su, kuma sharuɗɗan da ke ɗaure ku a can suke. Ku nemi abin da ke ɗaya babu shi a ɗaya. Sau da yawa offre soumise à conditions, wato tayin yana da sharuɗɗa, shi ne layin da ke faɗuwa a hanya, saboda lokacin rediyo kuɗi ne kuma an ba talla daƙiƙa talatin. Réajustement yakan zo a matsayin daidaitawa, perturbations a matsayin ƴar tangarɗa, illimité a matsayin ba iyaka, alhali a takardar sharuɗɗa ana iya samun adadin megan da in ka wuce shi gudun intanet ɗin zai ragu. Wanda bai iya Faransanci ba ya sa yaron gida ya karanta masa ƙananan haruffan, ba manyan ba.

Aikin ƙarshe shi ne ku sake rubuta sanarwar da kanku a jimla ɗaya mai gurbi huɗu: wane ya yi me, nawa, daga yaushe zuwa yaushe, a kan su wa. Ku cike abin da sanarwar ta faɗa, ku bar sauran a buɗe. Guraben da suka rage su ne tambayoyin da za ku kai gaban ma'aikacin kamfani. Ku yi masa sallama, ku yi magana da ladabi, don ba shi ya rubuta ba: Malam, an ce za a samu sauyi, ƙari ne ko ragi? Sefa nawa? Daga wace rana? Ku rubuta amsar a gabansa, da kwanan wata. Idan maganar ta waya ce ko intanet kuma ba a ba ku amsa ba, akwai ARCEP, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin sadarwa. Ku kai mata hoton saƙon kamar yadda ya shigo, da ranarsa da sa'arsa, tare da jimlarku mai guraben da ba a cike ba.